Injin wankina ya koma sa wa kaya wari, surukata ta ce son jiki ne

Salamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Agege, 'ya'yana uku, ƙaramin yana goye. Bara bayan Babbar Sallah maigidana ya sayo mini injin wanki tokumbo a kasuwar Alaba, irin mai ƙofar gilashi a gaba. Da farko har maƙwabta ke shigowa kallo. Yanzu kuwa duk abin da na fitar daga cikinsa wani wari yake yi, kamar tsumman da aka manta a bokiti. Na ƙara omo, na ƙara ruwan ƙamshin nan mai sa kaya laushi, ina zuba Hypo, ruwan bilic ɗin nan, ina turara kayan a kabbasa, amma da an yi gumi warin ya dawo. Fararen kayan maigida sun koma ruwan ɗorawa. Shi kuma harkar shanu yake yi a abbatuwar Oko-Oba, kayansa ba sa rabuwa da jini da maiƙo. Ga ƙuraje sun feso wa yaron a wuya. Surukata ta zo daga Katsina za ta yi mana wata biyu, ta ce son jiki ne, wai macen da ba ta durƙusa gaban baho ba ba ta yi wanki ba. Har cewa ta yi ba za ta yi sallah da kayan da inji ya wanke ba. Maigida ya fara zancen sayar da shi. Anti, injin ne ya lalace ko ni ce ban iya ba?

Ƙanwarki daga Agege.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, tashi ki je gaban injin da tocilan wayarki. Buɗe ƙofar, ki sa yatsa ki ɗage leɓen robar nan da ta zagaye bakinsa, daga can ƙasa inda take da ninki. Haska ki gani. Na san abin da za ki tarar tun ban zo gidanki ba: ɗan ruwa kwance mai yauƙi, gashi, zare, wataƙila har da maɓalli ko fil ɗin ɗaure hijabi, sai baƙin ɗigo-ɗigon fumfuna a jikin robar. Ki shinshina yatsanki. Warin da kike bi da turaren wuta a kabbasa, ga gidansa nan.

Ruwa ba ya tsami banza. Daga abin da kika rubuta ban ga alamar injin ya lalace ba, ban kuma ga raggon mace ba. Raggo ba ta sayen omo ninki biyu. Abin da na gani shi ne kin ɗauki hannun wankin baho kin kai shi cikin inji. Mu duk da haka aka raine mu: a kaɗa omo sai kumfa ta tashi ta rufe ruwa, in kumfa ta kwanta a ce omo ya mutu, a ƙara. A baho wannan ba laifi, don za ki ɗauraye da ruwa uku ko huɗu, kina gani da idonki har santsi ya fita. Inji mai ƙofar gaba kuwa ruwan da yake sha a wanki ɗaya, da wankin da ɗaurayar duka, bai fi jarkar mai ruwa biyu ko ɗan sama da haka ba. Kuma dubi yadda yake aikinsa ta gilashin: ɗaga kaya yake yi sama ya sako su ƙasa, ya sake ɗagawa ya sako, kamar yadda iyayenmu ke buga zane a kan dutse a bakin rafi. Faɗuwar nan ita ke fitar da dauɗa. In kumfa ta cika ciki, sai kayan su riƙa faɗowa a kan katifa. Ba su bugu ba, ba su ɗauraye ba, omon da ya rage kuma ya nemi wurin zama.

Wurin zaman akwai shi. Tukunyar ƙarfe mai huji-huji da kike gani tana juyawa, a cikin wata tukunyar take, wadda ba kya gani. Tsakaninsu ne ragowar omo da maiƙon jiki da kitsen shanun Oko-Oba da ruwan laushin kaya ke haɗuwa su yi kanta. Sai ki gama wanki ki mayar da ƙofa ki rufe ruf, don kada ƙura ta shiga. A garin nan da gishiri ma ke jiƙewa a cikin roba lokacin damina, kin ga kin haɗa wa fumfuna ɗumi da duhu da laima da abinci. Duk wankin da ya biyo baya a cikin ruwan wannan kantar yake iyo. Kina ƙara omo don ki kashe wari, ashe ciyar da shi kike yi.

Ni ma sai da na sha wannan kunyar. Shekarun baya nawa injin ya fara tsayawa da ruwa a ciki, ya ƙi matsa kaya, ga wari. Na kira mai gyara, wani dattijon Bayarabe, ina ta yi masa ƙorafin an cuce ni an sayar mini da ruɓaɓɓen inji. Bai ce mini komai ba. Ya tsuguna, ya buɗe wata 'yar ƙofa a ƙasa wadda ni duk zatona ado ce, ya murɗo wani abu. Baƙin ruwa ya malalo tsakar ɗakin. Ya zaro safar jikana ƙwaya ɗaya da muka yi wata uku muna nema, da ƙarfen rigar mama, da tsinken sakace, da duwatsun leshi sun fi ashirin, duk a dunƙule cikin wani abu mai kama da tuwo mai kauri. Ya ɗago ya dube ni ya ce, Alhaja, ina omon da kike zubawa? Na nuna masa kofin. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Na biya kuɗin gyaran abin da da hannuna zan iya yi cikin minti goma.

To, ga gyaran omon. Da fari ki duba ledar. Akwai na wankin hannu, wanda aka yi shi don ya yi kumfa saboda an san mu da son kumfa, akwai kuma na inji, mai ƙarancin kumfa, galibi za ki ga hoton inji mai ƙofar gaba a jikinsa. Na injin za ki nema, ko na gari ko na ruwa. Ya fi tsada a hannu, amma abin da ake zubawa kaɗan ne. Ni cokalin cin abinci biyu nake sa wa wankin yau da kullum, uku in kayan sun yi dauɗa sosai, kuma na ajiye cokali ɗaya a cikin robar omon don kada ido ya yaudare ni. Ki bi awon da aka rubuta a ledar naki, kada ki haura shi. In kin leƙa gilashi ana tsakiyar wanki kin ga 'yar kumfa kaɗan a ƙasa, ya isa. In kin ga fari fat har kaya sun ɓace, ya yi yawa. In kina so ki tabbatar da maganata, ɗauki tawul biyu da kika riga kika wanke kika ninke, ki jefa su ciki ba tare da ko ƙwayar omo ba, ki kunna. Kumfar da za ki ga ta tashi, ita ce ke kwana a jikin 'ya'yanki.

Durowar da ake zuba omo ma gida uku gare ta, kuma mutane da yawa duk inda hannu ya faɗa suke zubawa. Mai sanda biyu, II, nan ne wurin omon babban wanki. Mai sanda ɗaya, I, na wankin share fage ne, in kin zaɓe shi. Mai hoton fure na ruwan laushi ne, kuma akwai layi a ciki da ba a so a wuce.

Shi wannan ruwan laushin, da za ki ji shawarata, ki ajiye shi gefe tukuna. Ba ya wanke komai. Wani siririn maiƙo yake shafa wa zare don hannu ya ji laushi, hanci ya ji ƙamshi. Shi ya sa tawul ɗin da ya saba shan sa yake daina tsane ruwa, ki goge jiki ki ji kamar da leda kike gogewa. A kan kayan da ba su fita ba kuwa, rufe dauɗar yake yi ya danne ta a ciki, rana ta yi zafi gumi ya taso ta. Mu da Allah ya hore wa humra da turaren wuta, me za mu nema a ƙamshin kwalba?

Yanzu shi kansa injin yana bukatar wanka, kuma ki ware masa yini guda wanda kika ga wuta ta zauna. Dalili, aikin na ruwan zafi ne, kuma hitar da ke cikin irin injin nan tana jan wajen wat 2000. Ƙaramin janareton nan da bai kai wat 1000 ba ba zai ɗauka ba, kada ma ki gwada. Na san tun da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, a watan Afrilun 2024 kowa ya koma kallon mita kamar mai kallon tukunyar bashi, amma wankin zafi ɗaya yunit ɗaya ne zuwa biyu. Sau ɗaya a wata bai kai kuɗin omon da kike asara ba.

Fara da zare filogi daga soket. Kada ki raina wannan, ruwa za ki taɓa. Nemo tire mara zurfi da tsummoki, ki buɗe 'yar ƙofar da ke ƙasa ta gaba, yawanci a hannun dama. In akwai siririn tiyo a wurin, ciro shi ki cire toshiyarsa ruwan ya tsiyaye a tire. Sannan ki murɗa babban murfin zuwa hagu a hankali, kina bari ruwa na fita kaɗan-kaɗan, har ya fito gaba ɗaya. Wannan shi ne filta. Wanke shi da tsohon buroshin haƙori, ki zura yatsa ramin ki kwaso abin da ya maƙale, ki mayar ki ɗaure tamau don kada ya yi yoyo. Durowar omon ma tana fitowa: akwai ɗan harshe a tsakiyarta, ki danna ki ja. Jiƙa ta a ruwan ɗumi ki goge. Ki kuma leƙa ramin da ta fito, ki ɗaga kai ki ga rufinsa, inda ruwa ke fesowa. Nan ne kowa ke mantawa, nan ne kuma ya fi baƙi. Robar bakin ƙofa ki goge ta da tsumman da kika tsoma a ruwan da aka ɗiga wa Hypo, da safar hannu, taga a buɗe. In baƙin ya riga ya ci cikin robar ba lallai ya fita duka ba. Ba komai, in dai yauƙin ya tafi. In ta yage ko ta ruɓe ana samun sabuwa a canza, ba sai an sayar da inji ba.

Daga nan ki mayar da komai, ki kunna shi babu kaya a ciki, a kan wanki mafi tsawo da ruwa mafi zafi. Tokumbo da yawa rubutun Jamusanci ne a jikinsu, kada ya dame ki, lamba za ki nema: 90 in akwai, in babu 60. Ki zuba ko dai maganin wanke inji da ake sayarwa a manyan kantuna, ko rabin kofin shayi na Hypo, ɗaya daga ciki kawai. Bayan kamar rabin awa ki ɗora tafin hannu a gilashin. In kin ji shi da sanyi ƙalau, hitar ba ta aiki, kuma wannan kaɗai ya isa a kira mai gyara, don gidan da ake shigo da kitsen shanu ba ya yiwuwa da ruwan sanyi zalla. In ya gama ki ƙara masa ɗauraya ɗaya. Kada ki tsorata in kin ga baƙin ɓarɓashi na fitowa a wanki biyu ko uku na gaba, kantar ce ke saki. Injin da ya shekara bai ga ruwan zafi ba yana iya neman a maimaita masa.

Ki zagaya bayansa kuma ki ga inda tiyon fitar da ruwa ya nufa. In an cusa shi can cikin bututun da ke haɗe da kwata, ko bakinsa na kwance cikin ruwan kwatar, to wani warin daga waje yake hawowa. Kin dai san kwatocin Legas in ruwa ya sauka.

A nan zan tsaya in ja kunnenki da babbar murya, don na ga kina da saurin haɗa magunguna. Hypo da Jik da duk danginsu ba a haɗa su da komai sai ruwa. Kada ki haɗa da ruwan khal, kada ki haɗa da lemon tsami, kada ki haɗa da maganin wanke masai. Haɗuwarsu da abu mai tsami na tayar da iskar kilorin, guba ce mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Wata yarinya a gidan da muka taɓa haya ta zuba biyu a bokiti ɗaya a banɗakin da ba taga, wai don tayil ya yi haske. Da rarrafe ta fito tana tari, sai asibiti. Za ki ga ana ta yawo da shawarwari a WhatsApp, a zuba wannan a zuba wancan. In za ki yi amfani da khal wata rana, ki bari sai injin ya ɗauraye tas daga Hypo, kuma kada ki mayar da shi na kullum, tsami na cin roba a hankali. Fitsari ma ba ya shiri da Hypo, saboda haka wandunan yaro a ɗauraye su tukuna.

Sai fararen kayan maigida. Ba ki faɗa mini ruwan da kuke sha ba, amma a Legas in ba bohol ba to rijiya ko mai ruwa, kuma ruwan ƙasa a unguwanni da dama na garin nan yana ɗauke da sinadarin ƙarfe. Yana fitowa garau, ya kwana a bokiti ya yi ja-ja. Dubi tayil ɗin banɗakinki inda famfo ke ɗiga, in akwai jan zane kamar tsatsa, shi ne. Gwaji mai sauƙi: cika kofin gilashi da ruwan, ɗiga masa Hypo kaɗan, ki ajiye. In ya juya ruwan ɗorawa, kin kama ɓarawon. Hypo na mayar da ƙarfen da ke narke a ruwa tsatsa nan take, ta zauna a zare. Wato duk ranar da kika zuba shi don kaftani ya yi fari, rina shi kike yi. Ko ruwan ba shi da ƙarfe ma, yadin da aka gauraya da roba, irin wanda maza ke ɗinkawa yanzu, yawan Hypo na sa shi ya yi rawaya, kuma wannan ba ta komawa.

Ki daina sa musu shi. Waɗanda suka riga suka rine, ki gwada a kan guda ɗaya: jiƙa shi a ruwan ɗumi da aka matse wa lemon tsami da yawa, ya yi awa ɗaya ko biyu, ki shanya a rana, sannan ki wanke. In tsatsa ce za ki ga canji. Bula tana rufe rawaya a ido, ba laifi a sa kaɗan a baho bayan an fito da kaya daga inji, amma kada ki zuba ta cikin injin. Maganin asali yana wurin ruwan: a wanke tanki, a bar ruwa ya kwana ya kwanta kafin a ja, a sa filta a bututun da ke shiga injin. Wannan aikin maigida ne da mai gyaran famfo. A inda tiyon ruwa ya shiga bayan injin ma akwai 'yar rariya ƙarama, yashi na toshe ta, a riƙa cirewa ana wankewa.

Kayan abbatuwa kuwa kada su ƙara haɗuwa da na kowa. Ki ware musu bokitinsu a bakin ƙofa. Jini da ruwan sanyi ake fara fitar da shi, don zafi dafa shi yake yi ya kama zare, kamar yadda ƙwai ke kamewa a kasko. Kitse kuma sai da ɗumi yake saki. Saboda haka a jere za a bi: a ɗauraye jini da kashin shanu a famfo da ruwan sanyi, a goga sabulun wanki ko ɗigon sabulun wanke-wanke a inda maiƙo ya zauna, sannan su shiga inji su kaɗai a digiri 40, ko 60 in yadin zai jure. Ƙarnin nan da ke bin kayan makarantar yara, daga nan yake. Manja ma haka, sabulun wanke-wanke sannan rana, rana na cinye jansa.

Na kuma yi zargin abu biyu da ba ki faɗa ba. Saboda tsoron ɗaukewar wuta kina danna wankin gaggawa na minti 15 ko 30, kuma kina cusa kayan sati guda a ciki har sai kin sa gwiwa kin tura ƙofa. Wankin gaggawa na riga uku ne ko huɗu da aka sa sau ɗaya. Lodi kuma, in kin zuba kaya ki tsayar da tafin hannunki a samansu, in bai shiga ba ki rage. In wuta ta ɗauke kaya suka yi rabin yini a cikin ruwa, kada ki shanya su haka, ki sake ɗauraya. In ya gama kuma ki kwashe a lokacin, ba sai an sauke tuwo an yi sallar isha'i ba. A watan Yuni da Yuli, da kaya ke kwana biyu a igiya ba su bushe ba, ki sa matsa mafi ƙarfi, ki baza su da tazara a ƙarƙashin fanka, kada a ninke abin da ke da sauran sanyi. Wani warin ba na inji ba ne, na igiya ne.

Bayan kowane wanki ki goge ninkin robar da busasshen tsumma, ki bar ƙofa a ɗan buɗe kamar faɗin yatsu huɗu, durowar omo ma a ɗan jawo ta. Na san abin da za ki ce, kyankyasai. Abinci da laima suke bi, busasshen inji ba ya burge su. Abin da ya fi kyankyaso shi ne yara, suna son shiga ciki wasan ɓuya. In injin a inda suke kaiwa yake, ki rufe ƙofar ɗakin, ki kuma saba leƙa ciki kafin ki kunna. In kuwa yana ɗan jan hannu in an taɓa, ki kashe shi ki kira mai gyaran wuta a ranar, wayar ƙasa ce babu.

Ƙurajen yaron na iya zama na zafi, kin san wuyan jarirai a garin nan, na iya kuma zama ragowar omo da ƙamshin kwalba. Ki wanke kayansa daban, omo kaɗan, ɗauraya ƙari, ba ruwan laushi. In 'yan kwanaki sun wuce ba su kwanta ba, ko suna ruwa, ko jikinsa ya yi zafi, ki kai shi asibiti, kada ki tsaya jiran wanki ya yi magani.

Saura Hajiya. Ƙanwata, in za mu faɗi gaskiya, hancinta bai yi ƙarya ba. Kayan suna wari. Inda ta kuskure shi ne dalili, kuma ba aikinki ba ne ki tsaya gabanta kina kare inji kamar ɗan uwanki. Maganar sallar ma ba rigima ba ce kawai. Abin da muka karanta a Islamiyya shi ne najasa da tsarkakken ruwa ake gusar da ita, wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su canza ba. Tsohuwa ta ga an kwashi wandon fitsarin goyo da kayan abbatuwa da zanen sallarta an cusa a tukunya ɗaya, an rufe, ta ga kumfa, kaya sun fito suna ƙamshin kwalba da zarni a ƙarƙashi. Me kike so ta ce? Ni ba malama ba ce, hukuncin wankin inji ki tambayi malaminku. Amma akwai hanyar da ba ta bukatar fatawa: duk abin da najasa ta taɓa, ki wanke wurin a famfo da ruwa zalla har alamarta ta gushe, a gaban idonta, kafin ya shiga inji. Wanda ya shiga da tsarkinsa ba a tambayar yadda ya fito.

Kayanta kuma, wata biyu ne. Ki durƙusa gaban bahon ki wanke mata da hannu, ki sa bula, ki shanya, ki turara, ki kai mata a ninke. Zannuwa nawa ne? Dama atamfa mai tsada da leshi mai duwatsu da mayafi mara nauyi ba abincin inji ba ne. Shaddar maigida ta Juma'a ma a bar wa masu wanki da bugu, inji na kashe mata ƙyalli, hula kuwa ko da wasa. Ba faɗuwa kika yi ba in kin yi haka. Inji ya ɗauke miki zannuwan gado da tawul da yunifom da kayan yara, waɗanda su ne ke karya baya.

Ranar da za ki buɗe filtar nan, kada ki yi a ɓoye. Ki ce, Hajiya, don Allah zo ki tayani gani, ashe gaskiyarki ce, dauɗa ce ta taru a cikin abin nan. Ki ba ta kujera ta zauna. Za ta yi salati, za ta tafa hannu, za ta ce ai na faɗa, kuma za ta ba da labarin a Katsina har shekara ta zagayo. Bar ta ta ci wannan. Wanda aka ba gaskiyarsa a gaban jama'a ba ya cika neman ƙari. Maigida kuma ki roƙe shi wata ɗaya kafin ya kira dillali, ki nuna masa kofin gilashin nan da ya rine, don maza sun fi yarda da abin da suka gani da idonsu, sannan ki miƙa masa maganar tanki da filtar ruwa.

In kin yi duk wannan, wanka biyu na ruwan zafi sun wuce, warin bai tafi ba, to kantar ta yi kaurin da sai an kwance tukunyar an kankare, aikin mai gyara ne na yini ɗaya. Ki tsaya a kansa yana yi, ki kuma yi ciniki kafin ya kwance ko da ƙusa ɗaya. Ki rubuto mini abin da kika tarar a filtar. Ina tara labarinsu, har yanzu ba wadda ta doke matar da ta tsinci ɗan kunnenta na gwal da ta yi shekara tana zargin 'yar aiki a kansa.